Ƙarfen Kabarin Inna

Gidan Dinya, ta Bici
Tsakiyar bazara

Zuwa ga Basiru ɗan Kawu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi zumuncinka yawa. Ya Zakiyya da yara, ya kunnen? Mu nan lafiya, sai zafi da ciwon gwiwa. Yaya Nababa ma lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha.

Takarda na rubuto don na gaji da kiranka a waya ina ihu har maƙwabta su ji, kai kuwa kana can kana "Na'am? Wa ke magana?" Ƙarar guduma ta cinye maka kunne, amma ido yana nan. Mati direban albasa ya ce kusa da shagonku yake sauke kaya, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Ga abin da ya sa na tuna da kai. Allon da aka kafa a kabarin Inna ya goge. Sau biyu ina sa mai fenti ya sake rubutawa, rana ta sha, ruwa ya wanke. Ka san maƙabartarmu, gonaki sun matse ta ta ko'ina, ba ta da wurin miƙe ƙafa. Dattawa sun yanke cewa da an gama yankan dawa za a yi gayya a share ta, kuma duk tsohon kabarin da ba shi da suna a ɓangaren kudu za a sake haƙa wurinsa. Inna a kudu take.

Na gaya wa Nababa. Ya ce, "Hure, mamaci addu'a yake buƙata, ba allo ba." Na ce, "Na sani, Yaya. Na karanta maganar malaman da suka hana rubutu da ta waɗanda suka yarda a sa alama. Amma wanda bai damu da inda uwarsa take kwance ba, ban ga ranar da zai tuna ta a addu'a ba." Tun ranar bai sake cin tuwon gidana ba.

Ina so in koyi irin aikinku, zanen da ake yanka shi cikin jikin ƙarfe, wanda ruwa ba ya wankewa. Na gwada da ƙusa da guduma a kan guntun kwanon rufi, abin da ya fito kamar inda kaji suka yi tono. Na duba bidiyo a waya, na ga wani Bature da farce tas yana tura wani abu, ƙarfe yana nannaɗewa kamar ɓawon lemo. Bai faɗi sunan abin ba, ko ya faɗa ta hanci.

Kada ka ce za ka yi mini da inji ka aiko. Ranar da Inna ta rasu ina Zariya wajen kwas. Kafin in iso an yi mata wanka, an yi salla, kun kai ta. Ku kuka ɗauka, kai ka shiga ramin. Ni ko maƙabartar ba na shiga, domin Inna ba ta taɓa shiga ba, kuma ta hore ni. Iyakata gonar Tasi'u ta yamma, bayan shingen bini-da-zugu, in tsaya in hango. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu. Ina so a ce abu guda a wurin nan hannuna ne ya yi shi.

Ka aiko da kayan aiki da bayani. Bayanin ya zama na mutane.

Taubashiyarka,
Hure

*

Fatakwal

Malama Hure uwar faɗa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa, na karanta ina hawaye, ban san ko albasar ce ko Gwaggo Safara'u ba. Allah ya jiƙanta. Zakiyya na gaishe ki, ta ce kunnena lafiyarsa lau, in an kira ni abinci ina ji.

'Yar mace za ta shiga sana'ar ɗan namiji! To, bismilla. Ga kurfi guda biyu, su ne alƙaluman, bakinsu kamar ƙwayar sha'ir. Ga dutsen washi. Ga farantin ƙarfe biyu, ja da toka. Ɗaya na koyo ne, ɗaya na Gwaggo. Wannan ba sai na gaya wa mai digiri ba.

Ki kafe farantin a kan katako kada ya motsa. Ki sa ƙotar kurfi a tafin hannu ki tura a hankali, ba dukansa ake yi ba. Hannun hagu kullum yana bayan tsini. Ki fara da miƙaƙƙen layi, ki yi ta yi har ki ƙosa, sa'an nan ki ƙara. In kin zo lanƙwasa, ƙarfen ake juyawa, ba hannu ba. In bakin ya dakushe ki wasa.

Shi ke nan. Sauran hannu ne zai koya miki, ni ma da tabo na koya.

Naki,
Basiru

*

Gidan Dinya
Ruwan farko ya sauka

Basiru,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, domin ina buƙatarka da rai ka amsa tambayoyina. Ni lafiyata da sauƙi, sai babban yatsan hagu da aka ɗinke a asibitin Bici. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko faɗa muka yi da wani, na ce e, da wani kurma a Fatakwal.

Na karanta takardarka fiye da yadda na karanta kowace takardar jarrabawa, kuma ban gane ta ba. Ka ce in kafe farantin kada ya motsa. Layi biyu a ƙasa ka ce farantin ake juyawa. Wanne zan bi? Na buga shi a kan katako, na buga katakon a kan teburin da nake duba aikin ɗalibai. Yanzu in na zo lanƙwasa ni nake zagaya teburin, kamar dokin matsar rake. Hafsatu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ga ina zagaye, ta koma, da yamma sai ga ta da rubutun sha a kwalba.

Ka ce in tura a hankali. Na tura a hankali, ƙarfen ko gezau. Na tura da ƙarfi, kurfin ya zame ya bi ta inda ya ga dama, nan ne ya samu yatsana. Ka ce hannun hagu yana bayan tsini. Bayan tsini ta ina? In na juya, bayan ya koma gaba.

Ka ce in wasa in ya dakushe. Ta yaya ake gane ya dakushe, alhali tun ranar da ya zo bai yanka komai ba sai ni? Na wasa shi yadda ake wasa wuƙar yanka kubewa. Yanzu ɗayan ya zama kamar tsinken sakace, ban sani ba ko gyara shi na yi ko kashe shi.

A kan farantin tokan nan nake koyo, mummunan. Jan mai sheƙi na naɗe shi a zanen Inna na sa a ƙasan akwati, ba zan taɓa shi ba sai hannuna ya faɗa. Shi tokan ya cika da ƙarzane-ƙarzane. Harafin farko na sunanta ya gagare ni, maciji ne, kai da jela duk lanƙwasa. Wanda ya raɗa mata Safara'u bai yi tunanina ba.

Abu ɗaya ne ya fito. Ka tuna alamar da Inna take ƙarzawa da ƙusa a gindin kwanukanta, don in an kai abinci gidan biki su dawo? Layi biyu a tsaye, ɗaya a gicciye, da ɗigo a gefe. Ba ta iya rubuta sunanta ba, amma babu macen garin nan da ba ta san wannan ba. Rannan na gaji, hannuna ya yi ta da kansa a tsakiyar farantin. Na bi ta na sake bi har ta yi zurfi. Na zauna ina kallonta, ban yi girki ba ranar.

Ka ba ni amsa da wuri. An yi shuka.

Hure

*

Gidan Dinya
Tsakiyar damina

Basiru,

Gaisuwa, in kana da rai. In ba ka da shi, Allah ya jiƙanka, da Zakiyya ta sanar da mu. Mati ma ya ɓace, matarsa ta ce motar ta lalace a wani gari bayan Lakwaja, yana can yana jiran kayan gyara. Wannan takardar zan ajiye a gidansa, duk ranar da ya dawo ya kai maka.

Ban jira ka ba. Gero ya kai ƙugu, allon Inna kuma daga shinge ba na ganin komai a jikinsa sai tsatsa. Na ciro jan farantin na yi bismilla.

Basiru, kamar sabulu! Kurfin da ya ƙi tokan ya shiga wannan yana tafiya, ƙarfe yana nannaɗewa a gabansa kamar na Baturen. Ban gane dalili ba har yanzu. Ko wahalar da na sha ce ta buɗe mini hannu, ko ƙarfen ne ya san na wa ne. Na kuma gano da kaina cewa in na cire katakon daga teburin na ɗora shi a kan buhun yashi, sai ya juyu. Da ka faɗi haka da kalma huɗu, da Hafsatu ba ta ɓata rubutunta ba.

Na rubuta sunanta da na mahaifinta da shekarar rasuwa. Macijin ya ɗan yi ciki, amma ana karantawa. Mai walda a Bici ya ɗaure shi a jikin rodi. Na goge shi da toka da lemon tsami har ina ganin fuskata.

Na kai wa Nababa ina shirye da faɗa. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ke kika yi wannan?" Na ce a'a, aljanu ne. Ya sa hula ya fita. Ni kuma na bi ta gonar Tasi'u na tsaya a wurina. Ina kallo ya ja tsohon allon, ƙafarsa ta karye a ƙasa don tsatsa, ya yar da shi gefe ya kafa nawa. Da rana ta faɗo a kansa sai da na kare idona. Duk maƙabartar babu mai haskensa, daga kan titi ma ana hango shi.

Na gama, ba da taimakonka ba. Amma na gode da kurfin.

Hure

*

Fatakwal
Farkon damina

Hure,

Sallama. Kowa lafiya. Yau ba wasa, takardarki ta yatsa ta iso yanzu, Mati yana tsaye yana jira.

Ki tsaya! Kin juya abin. Jan nan na tagulla ne, mai laushi, shi ne na koyo. Tokan shi ne na Gwaggo, irin ƙarfen da ba ya tsatsa. Taurinsa ne ya sa kurfi yake zamewa, shi ba a tura masa, ƙaramar guduma ake sa wa kurfin ana ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Na bar wannan bayanin sai kin iya na farko. Mu a wurinmu ko ɗan koyo na jiya ya san haka, shi ya sa ban rubuta ba.

Kada ki yarda a kafa farantin tagulla a maƙabarta. 'Yan gwangwan suna ganinsa ba zai kwana ba. Tokan ma sai an zuba masa siminti a gindi. Kada a cire tsohon allo sai sabon ya kafu.

Katakon a kan buhun yashi ake ɗorawa. Na ɗauka na faɗa.

Basiru

*

Gidan Dinya
Dawa ta fitar da kai

Basiru ɗan Kawu,

Ina gaishe ka don Inna ta koya mini gaisuwa. Lafiya ba ni da ita.

Takardarka ta "ki tsaya" ta yi damina a aljihun Mati a bayan Lakwaja. Jiya ya kawo ta, ta yi laushi kamar ganyen rama. An sace allon tun kafin gero ya nuna. Na je shinge da safe na ga babu haske. Na ɗauka hadari ne ya rufe rana. Na tsaya har hadarin ya wuce.

Sun tafi da tagullar, sun tafi da rodin, sun haɗa da tsohon allon da Nababa ya yar. Da can Inna tana da allo mara suna. Yanzu ba ta da komai, kuma ni na jawo, da toka da lemon tsami. Na goge shi yadda ɓarawo zai gani daga titi.

"Ba sai na gaya wa mai digiri ba." Kai ɗan namiji, wace mace ce a ƙasar Kano za a ba ta abu biyu, mai kyau da mummuna, a ce ɗaya na uwarta ne, ta zaɓa wa uwar mummunan? Ko kwano muke fitarwa, mai kyau na baƙo ne da iyaye. A wane littafi zan karanta cewa ku maƙera a wurinku mummunan shi ne na girmamawa?

Na tura Nababa ya soka ko da kara ne. Ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Ruwan bana ya kwantar da kaburburan kudu, ciyawa ta rufe su, ya ce uku ne a jere kuma duk kamarsu ɗaya. Yau ya ce na tsakiya ne, gobe ya ce na kusa da hanya. Na ce, "Yaya, kai fa ka kafa shi da hannunka." Ya ce, "Da allon na gane wurin, Hure." Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja irin na ranar ba, sai na rasa abin da zan zage shi da shi.

Ni na san wurin, ko ina zaton na sani. In na tsaya a gindin bini-da-zugun da ya fi tsawo, na sa dogon ƙarfen sabis ɗin waya na Bici a saitin hancina, Inna tana kan layin. Amma daga nesa ne, kuma yanzu da babu allon har idona ya fara yi mini gardama. Jiya da na tsaya sai na ga kamar ƙarfen sabis ɗin ne ya matsa.

Na ɗauko tokan. Gabansa ya lalace da ƙarzane-ƙarzanena, don haka na juya bayansa ina ƙwanƙwasa sunan da 'yar guduma, yadda ka ce. Da ƙusa da guduma na fara, ga shi na dawo kansu. Haruffan suna fitowa kamar haƙoran tsohuwa. Ban ma san a kan wa za a kafa shi ba. In aka kafa a kan wata, an ceci uwar wani da sunan tawa, an haƙe tawa.

An sa gayyar bayan yankan dawa, ga dawa ta sunkuya. Ban san abin da nake so ka yi ba. Na dai rubuto.

Hure

*

Gidan Dinya
Bayan gayya

Basiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa lafiya, kuma bayanka ya warware daga zaman kan buhunan Mati. Ka gaishe da Zakiyya, ka ce na gode da ta sake ka. Yatsana ya warke. Nababa ya dawo cin tuwona, har yana cewa gishiri ya yi kaɗan.

Mutum ya shekara bakwai bai taka garin nan ba, sai ya faɗo da buhun siminti a ka ana gobe gayya, ya kwana biyu ya gudu. Ban samu na yi maka magana ba, gidan cike da masu zuwa ganin baƙo, kai kuma sai murmushi kake kana gyaɗa kai ga duk abin da aka ce. Hafsatu ta ba ka labarin akuyarta da ta mutu, ka ce "Madalla."

To ga abin da nake faɗa a shinge, tunda ba ka ji ba. Da kuka tsaya kai da Nababa a kabarin da ke kusa da hanya, cewa nake "Ba nan ba!" Duk masu gayya sun ji, har Tasi'u ya ajiye fartanya yana taya ni. Nababa yana jan ka gabas, ni ina ihu yamma. Da na tuna da wa nake magana sai na cire mayafina na biyu na ɗaura a karan dawa ina kaɗawa. Ni, da shekaruna, a gaban mazan gari, kamar mai korar tsuntsu. Na kaɗa hagu, ka tafi hagunka. Na kaɗa dama don ka dawo, ka ɗaga mini hannu kana gaisuwa.

Daga nan ban gane komai ba. Na ga ka durƙusa a wani wuri, ka tashi, ka matsa, ka sake durƙusawa. Na sauke karan don hannuna ya gaji, sai na ga ka tsaya cak ka fara haƙa. Basiru, ban sauke shi don in ce nan ne ba. Gajiya na yi.

An yi gayya, an bar wanda kuka kafa wa allo, an daidaita sauran biyun. Ina zuwa shinge ina dubawa. Wani lokaci in ga yana kan layin, wani lokaci in ga ya kauce da taku guda. Nababa in na tambaye shi sai ya ce, "Basiru ya ce nan ne." Kai kuma wa ya gaya maka? Ni ka bi, ko shi, ko gajiyar hannuna?

Kada ka lallashe ni. In ba ka tabbata ba ka ce ba ka tabbata ba, zan iya ɗauka.

Kuma me ya sa ba ka goge gaban farantin ba? Na ga ka zo da magagari. Na ba ka shi don ka share ɓarnata kafin mutane su gani.

Hure

*

Fatakwal

Malama,

Wa alaikumus salam. Mun iso lafiya, bayan yana nan yana tuna mini da ku.

Ban ji ihunki ba, kuma karanki ya rikita ni, na ɗauka ƙudan zuma ne suka taso miki. Abin da na yi, na juya na sa ƙarfen sabis a bayana, na sa ki a gabana, na riƙa tafiya a kan layin ina soka rodi a ƙasa. Ke kika rubuto cewa ƙafar tsohon allo ta karye a ciki. Ban ga lokacin da kika sauke kara ba. Rodin ne ya daki ƙarfe. Na tono shi, guntu ne kamar yatsa, da sauran koren fenti a jikinsa. Yana aljihun rigata, Mati zai kawo miki. Ba na tsakiya ba ne, ba na hanya ba ne, na ukun ne, a kan layinki daidai. Hancinki bai karkace ba.

Magagari kuwa na ɗauko shi, na ga alamar Gwaggo, na mayar. Da kwano mai alamar nan aka riƙa kawo mini tuwo ina makarantar allo. Sunan na juya shi gabas, wajen masu wucewa, su da suke buƙatar karantawa. Layi biyu da gicciye da ɗigo suna kallon gonar Tasi'u.

Ki je da la'asar, rana tana bayanki. Kin yanka ta da zurfi, za ta fito.

Naki,
Basiru